DARASI: HAKKIN TSOHO IDAN CUTAR MANTUWA TA KAMA SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani Allah Ya ambata cikin Suratun Nahli, aya ta 70, cewa ana mayar da wasu bayi ga mafi raunin rayuwa har sanin da suke da shi ya kuɓuce musu. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci sun tabbatar cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba sammu ba, ba maita ba. Mafi yawanta ita ce wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Wata kuma hawan jini da shanyewar jiki ke jawo ta. Har yanzu ba ta da maganin warkewa, amma kyakkyawar kulawa tana sauƙaƙa ta ƙwarai.

Kuskuren iyalai da yawa shi ne, da zarar likita ya faɗi sunan cutar, sai su karɓe wa tsoho kome, su zaunar da shi a ɗaki da sunan tausayi. Alhali hannun da aka hana aiki shi ke saurin mantuwa. Kyautata wa iyaye, wanda Suratul Isra'i ta yi umurni da shi, ya haɗa da tsare musu mutunci: abin da yake iyawa a bar masa, abin da ya gagare shi a kama masa.

Na farko, ibada. Muddin da sauran hankali, salla tana kansa. A raka shi jam'i, domin bin liman yana rage masa wahalar lissafin raka'a. Wanda kokwanto ya aure shi, Risalar Ibn Abi Zaid ta nuna ya rabu da kokwanton, ya yi sujada ba'adi. Idan hankali ya gushe, an ɗauke masa alƙalami. Kada a tsananta masa.

Na biyu, zaman gida. Buta, tabarma, carbi da takalma su zauna wuri guda kullum. A nuna masa riga biyu ya zaɓa. A ba shi aikin da ya saba: ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, ba awaki dusa, tsohuwa ta tsince wake. Kada a jarraba shi da "Ka gane ni?" Ka faɗi sunanka da kanka. Ko ya maimaita tambaya sau goma, a amsa da taushin murya.

Na uku, tsaro. A rufe rijiya, a ɓoye maganin ƙwari da makullin babur. Mutum guda ya riƙe masa magunguna. A sa takarda mai sunan unguwa da lambar waya cikin aljihunsa, a kuma sanar da maƙwabta. Da bazara a yawaita miƙa masa ruwa, don yakan manta da ƙishirwa. Ruɗewar da ta ƙaru farat ɗaya, a garzaya asibiti, wataƙila zazzaɓi ne.

Na huɗu, dukiya. Tun da sauran wayo, ya bayyana basussuka, ya yi wasiyya, ya naɗa wakili gaban shaidu. Zakkar dukiyarsa ba ta faɗuwa. Waliyyinsa ke fitarwa.

Daga ƙarshe, kada a bar jinya ga mace guda har ta jigata. Ƴaƴa maza su karɓi rabonsu. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da su lafiya. Wassalamu alaikum.