Gidan Abinci na Iyali a Argungu: Cinikin Biki da na Kullum

Bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934, kan cika gidajen abinci da baƙi, amma na 'yan kwanaki ne kawai. Wanda ya ci bashi ya faɗaɗa rumfa saboda kwanakin nan ya ɗauki kasada, domin bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai 2020. Masu riƙe sana'ar su ne direbobi, 'yan kasuwa da ma'aikatan gari da ke cin tuwo kullum.

Akwai kuma lissafin da iyali kan manta. Abincin da yaran gida ke ɗiba daga tukunyar sayarwa, da aikin uwargida da ba a biya, duk kuɗi ne. In ba a shigar da su littafi ba, sai a riƙa cin uwar kuɗi ana zaton riba ce.