Darasi: Hakkin Mai Gida da Hakkin Ɗan Haya

Karatu: Irmiya 32:6-15, Ayyukan Manzanni 28:30

Gabatarwa

'Yan'uwa, yawancin iyalan da muke ziyarta a cikin gari gidan haya suke zama. Waɗansu neman aiki ya kawo su, waɗansu kuwa rikici ne ya raba su da gidajensu. Kwanakin baya wata gwauruwa ta zo ofishinmu tana kuka. Ta dawo daga kasuwa ta tarar an cire ƙofar ɗakinta, kayanta suna tsakar gida. Ta ce ta biya kuɗin shekara, amma da muka tambayi rasit, babu. Manufar wannan darasi ita ce kada irin wannan ya sami wani daga cikinmu, ko mai gida ko ɗan haya. Zaman haya ba abin kunya ba ne. Manzo Bulus ma ya yi shekara 2 a gidan haya a Roma.

1. A rubuta yarjejeniya

Sa'ad da annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot, ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a takarda a gaban shaidu, ya kuma sa aka ajiye takardar cikin tukunyar ƙasa don kada ta lalace. Wanda ya sayar masa ɗan kawunsa ne, duk da haka ya rubuta. Mu ma kada mu ce, "Ai ɗan ekklesiyarmu ne." Yarjejeniyar baka tana aiki a shari'a, amma tabbatar da ita da wuya. A rubuta yawan kuɗi, da ranar shiga, da tsawon haya, da wanda zai biya kuɗin wuta da ruwa, da wanda zai yi gyara. Kowa ya riƙe kwafinsa. Duk kuɗin da ka biya, ko ga mai gida ko ga wakilinsa, ka karɓi rasit mai kwanan wata.

2. Nauyin kowa

Ɗan haya ya biya a kan lokaci, ya kula da ɗaki, kada ya sa wani a ciki ko ya fasa bango ba da izini ba. In kuɗi ya yi wuya, ka je ka faɗa tun da wuri, kada ka riƙa ɓuya. Sau da yawa mai gidan ma tsoho ne, da kuɗin hayar yake cin abinci. Shi kuma mai gida ya bar ɗan haya ya zauna lafiya, kada ya shiga ɗaki ba sanarwa, ya kuma yi gyaran da ya ɗauki alkawari.

3. Yadda ake tashin ɗan haya

Kowace jiha a Nijeriya tana da dokarta, amma tsarin kusan ɗaya ne. In yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, mai hayar mako ana ba shi notis na kwana 7, mai hayar wata notis na wata 1, mai hayar wata 3 notis na wata 3, mai hayar shekara kuwa notis na wata 6. Notis ɗin a rubuce yake. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, wadda take sanar da shi cewa za a kai ƙara kotu. A lura: in an rubuta ranar ƙarewar haya a yarjejeniya, ranar kuma ta wuce ba a sabunta ba, takardar kwana 7 kaɗai ake bukata.

Bayan wannan, kotu ce kaɗai take ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikatanta ne kuma suke zartarwa. Cire kwano ko ƙofa, sa kwaɗo, yanke wuta ko kawo 'yan daba, duk saɓa wa doka ne, ko da ana bin ɗan haya bashi. Mai gidan da ya yi haka zai iya biyan diyya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, don haka bashin haya ba maganar ofishin 'yan sanda ba ce. Amma ɗan haya ya sani, notis ba ya yafe bashi. Duk kwanakin da ya zauna zai biya.

4. Ina za a nemi taimako?

A fara da sulhu a gaban dattawan ekklesiya ko mai unguwa, a kuma rubuta abin da aka shirya. In ya gagara, a nemi lauya. Wanda ba shi da hali ya je Hukumar Taimakon Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976 saboda marasa ƙarfi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mutum nawa a ƙungiyarku suke da yarjejeniya a rubuce da rasit?
2. Ɗan hayarka ya rasa aiki, kai kuma kana da kuɗin makaranta a kanka. Me za ka yi?
3. Ta yaya zumuntar mata da ta maza za su taimaki gwauraye a kan kuɗin haya?

Aikin wannan mako: kowa ya nemo takardunsa na haya ya kawo taro na gaba, mu duba tare. Ubangiji ya ba mu zaman salama da maƙwabtanmu. Amin.