MALAMAR KIFI

Dukanmu mun san karfasa. Muna sayenta a kasuwa, ɗanya ko ta banda. Amma wa ya taɓa tambaya, yaushe take yin ƙwai? Me take ci? Yaya girmanta yake kafin ta fara haihuwa? Yau za mu karanta labarin wata mace wadda ta ƙare rayuwarta tana neman amsoshin nan.

Sunanta Rosemary Lowe. An haife ta a birnin Liverpool na ƙasar Ingila cikin 1921. Ta yi karatun ilmin dabbobi da tsirrai a jami'ar garinsu. Cikin 1945 aka aike ta Tafkin Nyasa, a ƙasar da yanzu ake kira Malawi. Mutanen wurin karfasa ce abincinsu, suna kiranta cambo. Hukuma tana so ta san ko kifin zai ƙare in aka yi ta kamu ba ƙaƙƙautawa.

To, yaya ta yi aikin? Ba ta zauna a ofis ba. Bakin tafki ta tafi wurin masunta. In an jawo taru, sai ta auna tsawon kifi. Ta fede cikinsa ta ga abin da ya ci. Ta duba ko ƙwansa ya ƙosa. Kome ta gani sai ta rubuta, da rana da wata da wurin da aka kama shi. Da ba ta rubuta ba, da ta manta. Ku lura da wannan.

Daga rubutun nan ta gane karfasar tafkin iri iri ce, kuma ba lokaci ɗaya suke yin ƙwai ba. Namiji yakan gyara gurbi cikin yashi. Macen takan kwashe ƙwai ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Ashe wanda ya kama uwa a lokacin nan, ba kifi ɗaya ya kashe ba.

Cikin 1948 ta koma Jinja, a ƙasar Yuganda, bakin Tafkin Biktoriya, ta ci gaba da binciken karfasa. Cikin 1953 ta auri wani masanin duwatsu, Richard McConnell. Dokar lokacin ta hana matar aure riƙe irin aikinta na gwamnati, sai ta ajiye. Amma ba ta ajiye bincike ba.

Cikin 1957 ta bi mijinta zuwa Giyana, a Amurka ta Kudu. Can akwai fili mai faɗi wanda ruwa ke malalewa da damina, kamar fadamunmu. Ta ga in ruwa ya cika, kifi yakan bar rafi ya shiga ciyawa, ya yi ƙwai, ya ci ya yi ƙiba. In rani ya yi, sai ya taru a kududdufai, manya suna cin ƙanana. Watau cikar fadama ita ce gonar kifi.

Aikinta ya iso har ƙasarmu. Bayan an gama madatsar ruwan Kainji a kan Kwara cikin 1968, ta fitar da wani littafi cikin 1972, mai nuna yadda za a gane kifayen Tafkin Kainji da na Tafkin Bolta a Gana. Cikin 1975 ta rubuta babban littafi a kan zaman kifaye a ruwayen ƙasashe masu zafi. Ɗalibai da yawa a Afirka da Turai da Amurka da shi suka koyi aiki. Ta rasu cikin 2014, tana da shekara 93.

To, jama'a, me muka koya? Kifi ba ya tsirowa daga laka. Uwa ke haifarsa, kuma sai ya girma kana ya haihu. In muka yi su da taru mai ƙananan idanu, muka kwashe 'ya'yan, baɗi me za mu kama? Manomi ba ya cinye irinsa. Masunci ma kada ya cinye nasa.

TAMBAYOYI

1. A wane tafki Rosemary ta fara aiki?
2. Ina macen karfasar tafkin nan take ajiye ƙwanta?
3. Me kifi ke yi in fadama ta cika?
4. Rubuta sunayen kifi uku da ake kamawa a ruwan garinku.