Amsoshin Tambayoyinku: Ejan ɗin aikin Saudiyya

Wata mai sauraronmu daga Ƙofar Na'isa a birnin Kano tana so ta san yadda ake gane ejan na gaskiya, domin an ce ta kawo kuɗi a kai ɗanta aiki Saudiyya.

To Hajiya, ki fara da tambayar wanda zai ɗauke shi. Aikin ejan shi ne haɗa mai sana'a da mai buƙatarta, tela da shagon ɗinki, makanike da gareji. Saboda haka sai kin ga sunan kamfanin ko maigidan, da takardar yarjejeniya mai albashi a rubuce, da bizar aiki, da lasisin ejan daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Batun kuɗi kuwa, Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta hana ejan karɓar ladan samar da aiki daga hannun ma'aikaci.

Za a ce ai wasu sun tafi da bizar Umara, ga shi suna aiko da riyal. Haka ne, amma wannan biza ba ta halatta aiki ba. Mai ita ba shi da igama, wato takardar izinin zama, in an danne masa albashi ba inda zai kai kuka, kullum kuma yana cikin fargabar kamu. Ko da cikakkun takardu, gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala (mai ɗaure ma'aikaci ga maigidansa) a 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, don haka ki duba irin aikin da aka rubuta masa. In ejan ya riƙe fasfo yana ta hanya-hanya, ki kai ƙara ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, na Kano.