Idan Baffa Ya Ba Ka Wakilcin Gidan Gado

A Zuru gida ɗaya kan zama na 'yan'uwa uku ko huɗu, gadon da ba a raba ba. Idan Baffa ya tsufa ya ce ka tsaya masa, kasonsa kaɗai ya wakilta maka. Gidan bai zama naka ba.

Ku je wurin lauya tun Baffa na cikin hayyacinsa, a rubuta a gaban shaidu abin da ya yarje maka: karɓar haya, gyara, ko sayarwa. Ka buɗe littafi. Ko kwano biyu da ƙusa ka saya, rubuta, ka maƙala rasit. Kada kuɗinsa ya kwana a asusunka.

Wajen sayarwa zumunci ke lalacewa, kuma nan na fi jin tsoro. Ka fara tuntuɓar abokan tarayya. A fiƙihun Malikiyya suna da haƙƙin shufa'a, su suka fi cancantar sayen kason. Gida mai takardar mallaka kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna, ta ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi.

Ranar da Baffa ya rasu wakilci ya ƙare. Batun gadonsa kuwa, Musulmi sai kotun shari'a. Iyalan ƙabilar Lelna Kirista ko masu bin gargajiya su duba wasiyya ko al'adar gidansu.