Daga Faskari Zuwa Ajantina: Abin da Matafiyi Zai Sani Kafin Ya Ɗaure Jaka

Darasin da na kawo wa allon bangonmu na wannan mako a kan tafiya ne zuwa Ajantina, babbar ƙasar da ake magana da Sifaniyanci a Kudancin Amurka. Na san wani zai yi dariya ya ce: wanda bai taɓa wuce Funtua ba, ina shi ina Ajantina? Ku yi haƙuri ku ji dalilina guda biyu.

Dalili na farko, 'yan Arewa sun je sun dawo. A ranar 31 ga Mayu, 2023, 'yan ƙwallon Najeriya 'yan ƙasa da shekara 20, wato Flying Eagles, sun ci Ajantina biyu da nema a gidanta, a birnin San Juan. Ibrahim Muhammad da Rilwanu Haliru Sarki ne suka ci ƙwallayen, mai horar da su kuma Ladan Bosso. Lokacin ina firamare. Baba ya hana fitar dare, don haka a wayar yayana muka bi wasan.

Dalili na biyu shi ne mai ciwo. Bayan wannan gasa wani mutum ya zo wa ɗan maƙwabcinmu da daɗin baki, ya ce zai samo masa biza ya kai shi gwajin ƙwallo a waje. Mahaifinsa ya sayar da shanun huɗa biyu da buhunan masara ya ba shi. Tun daga ranar wayar mutumin a kashe take. Da sun san yadda ake neman biza, da ba a yi musu wannan ta'asa ba. Shi ya sa na zauna da malaminmu na labarin ƙasa, na yi ta tambaya, na tattaro abin da ke biye.

1. Ka san ƙasar tukuna

Ajantina ita ce ta takwas a faɗin ƙasa a duniya, kuma ta fi duk ƙasashen da ke jin Sifaniyanci faɗi. Ta ninka Najeriya sau uku, amma mutanenta kusan miliyan 46 ne kawai. Meksiko ce ta fi yawan masu jin harshen. Babban birnin Ajantina shi ne Buenos Aires, ana faɗin sa Buwenos Aires. Ta ayyana 'yancinta daga Sifaniya ranar 9 ga Yuli, 1816. Suna noman masara da waken suya da alkama, suna kiwon shanu da yawa, don haka manomin Faskari ba zai rasa abin hira da su ba.

Amfanin sanin faɗin ƙasar shi ne kada ka ɗauka garuruwanta kusa suke. Daga Buenos Aires zuwa San Juan ya wuce kilomita 1,000. Wanda ya ce maka da safe za ka sauka, da hantsi ka isa, bai san ƙasar ba.

2. Takardu uku

Na farko fasfo. Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ce kaɗai ke bayar da shi, kuma tana da ofis a Katsina. Ana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yaro irinmu sai da takardar amincewar iyaye. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Dole a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, wani ba ya yi maka wannan.

Na biyu biza, wato izinin shiga ƙasar. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Ajantina, kuma ofishin jakadancinta da ke Abuja ne ke bayarwa. Za su so su ga dalilin tafiyarka, da wurin da za ka sauka, da shaidar kuɗin da za ka ci da kanka, da tikitin dawowa. Idan gayyatarka aka yi, sai ka nuna takardar gayyata. A nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa. Ku riƙe wannan: ba a sayar da biza a tasha ko a WhatsApp, kuma ba wanda zai iya yi maka alkawarin ta in ba masu ƙasar ba.

Na uku katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kati. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Ka yi fotokwafin duk takardun nan. Ka bar kwafi ɗaya a gida, ka sa ɗaya a jakar da ba fasfo a ciki.

3. Hanya

Tafiya daga ƙofar gida take farawa. Daga Faskari sai Funtua, sai Zariya, sai Kaduna, sai Abuja, ko kuma ka nufi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, don haka da rana ake tafiya, a shiga mota a tasha, a kuma isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar jirgi.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Ajantina. Sai an ya da zango an canja jirgi, misali a Adis Ababa ta Habasha ko a Istanbul ta Turkiyya, jirgin kuma ya tsaya a Sao Paulo ta Birazil kafin ya ƙarasa. Abin mamaki, sai ka fara yin gabas kafin ka juyo yamma. Tafiyar takan ci yini da kwana. Filin jirgin da ake sauka a Buenos Aires sunansa Ezeiza.

4. Agogo da yanayi

Najeriya tana gaban Ajantina da awa huɗu. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Faskari, can ƙarfe 8 na safe ne. Idan kana can ka kira gida ƙarfe 9 na dare, to ka tashi Inna ƙarfe 1 na dare.

Yanayinsu kuma a juye yake, domin suna kudu da layin da ya raba duniya biyu. A Disamba da Janairu, lokacin da muke jin ɗumin wuta saboda hunturu, su zafi suke sha. A Yuni da Yuli, muna tsakiyar damina, su suna cikin sanyi mai tsanani, har ƙanƙara na sauka a kudancin ƙasar. Wanda zai je a Yuli da kaftani shara-shara zai gane kurensa. Ya nemi rigar sanyi mai kauri da safa da takalmi sau-ciki.

5. Kuɗi da zirga-zirga

Kuɗinsu peso ne. Naira ba ta aiki a can, don haka ana tafiya da dalar Amurka, a canja a banki ko gidan canji mai lasisi. Kada ka bi masu kira a bakin titi, don suna iya haɗa ka da jabu. Farashi a can yana saurin tashi. A shekarar 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 211 cikin ɗari. Saboda haka kada ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka bara.

A Buenos Aires ba a miƙa wa direban bas tsabar kuɗi. Akwai kati mai suna SUBE da ake zuba wa kuɗi, a shiga bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi. Soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ne, sai ka sayi adafta don cajin waya. Lambar kiran gaggawa 911 ce. Idan fasfo ya ɓace, ofishin jakadancin Najeriya da ke Buenos Aires za ka nufa. Ka rubuta adireshinsa a takarda, don waya tana iya mutuwa.

6. Abinci da addini

Mutanen Ajantina masoya nama ne. Gashinsu ana kiran sa asado, kamar balangu a wurinmu. Amma Musulmi ya kula da waɗannan kalmomi: cerdo alade ne, jamón naman cinyar alade ne, chorizo yawanci da alade a ciki, vino kuma giya ce. Idan kana shakkar yanka, ga kifi, wato pescado, ga ƙwai da shinkafa da burodi. Suna cin abincin dare wajen ƙarfe 9 ko 10.

Akwai babban masallaci a Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd da ke unguwar Palermo a Buenos Aires, wadda aka buɗe a shekarar 2000. Can za ka sami Juma'a da jadawalin lokutan salla, ka kuma tambayi inda ake sayar da naman halal.

Suna da wani shayin ganye mai ɗaci, mate, da ake sha a ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe ɗaya, ana miƙa wa juna. Gaisuwarsu kuma sumba ce a kumatu. Idan ba ka so, ka dafa ƙirji ka yi murmushi cikin ladabi.

7. Kalmomi goma na guzuri

Hola (ola): sannu
Buenos días (buwenos diyas): ina kwana
Gracias (girasiyas): na gode
Por favor (for fabor): don Allah
Agua (aguwa): ruwa
¿Cuánto cuesta? (kuwanto kuwesta): nawa ne?
¿Dónde está? (donde esta): ina yake?
No entiendo (no entiyendo): ban gane ba
No como cerdo (no komo serdo): ba na cin alade
Ayuda (ashuda): taimako

Ku lura, ba a furta harafin h. A Buenos Aires kuma y da ll suna fita kamar sh, shi ya sa kaza, pollo, take zama fosho.

Kada harshen ya ba ku tsoro. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga 711 zuwa 1492, don haka Larabci ya shiga Sifaniyanci kamar yadda ya shiga Hausa. Azúcar shi ne sukari, aceituna ita ce zaitun. Alcalde, wato magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali. Ashe mun fara jin Sifaniyanci ba mu sani ba.

Kammalawa

'Yan uwa, wataƙila cikinmu akwai wanda ƙwallo ko karatu ko kasuwanci zai kai shi can wata rana. Ko da ba mu je ba, wanda ya karanta wannan zai iya tsare shanun mahaifinsa. Idan wani ya zo gidanku da maganar biza, ku yi masa tambaya uku: Wane ofishin jakadanci? Ina takardar gayyata? Yaushe mai tafiyar zai je da ƙafarsa? Idan ya fara kame-kame, ku gaya wa manya. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyin mako
1. Idan ƙarfe 4 na yamma ta yi a Faskari, ƙarfe nawa ne a Buenos Aires?
2. Wane irin kaya mai tafiya Ajantina a watan Yuli zai ɗauka, kuma me ya sa?
3. Kawo takardu uku da matafiyi ke buƙata, da inda ake samun biza.

A rubuta amsa a takarda a miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Malamaina, inda na yi kuskure a gyara mini.

Daga ɗalibi ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Faskari.