Darasi: Sauyin Yanayi da Dabarar Sassabin Zamani

Jama'a, kowa ya ga yadda damina ta canza. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya ɗauke kafin gero ya nuna. Wata kuma ya zo da ambaliya. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Wannan rikicewa ita ake kira sauyin yanayi.

Me Ke Kawo Shi?

Babban dalili shi ne hayaƙin masana'antu da motoci, da ƙona fetur da kwal. Sare itatuwa da ƙona daji suna ƙara shi. Hayaƙin yakan taru a sama kamar bargo, ya riƙe zafin rana. Ƙasashe masu manyan masana'antu su suka fi fitar da shi, amma manomi da makiyayi su suka fi shan wuya.

Aiki biyu ne a gabanmu. Na farko, mu rage abin da ke kawo zafin. Na biyu, mu gyara noma ya dace da sabon yanayi. Itace yana yin aikin nan duka biyu. Yana shanye gurɓatacciyar iska, yana kuma kare gona.

Abin da Manoman Maraɗi Suka Yi

Tun daga shekarun 1980, manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka daina tumɓuke kututture idan sun zo sassabe. Sun gane saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Suka riƙa renon tohon da ya fito. Ba su sayi dashe ba, ba su yi ban ruwa ba. Ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin kudancin Nijar. Dabarar nan ita ce sassabin zamani.

Ga yadda ake yi:

1. Zaga gonarka ka nemi kututturen gawo, kalgo, sabara, aduwa ko magarya.
2. Zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ka bar su.
3. Yanke sauran da wuƙa mai kaifi.
4. Kare su daga dabbobi da wuta.
5. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa.

Gawo ya fi duka amfani. Yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Rassan da aka yanke kuwa, uwargida ta samu itacen girki a kusa.

Sauran Dabaru

Shuka iri mai saurin nuna. Haƙa ƙananan ramuka ka zuba taki don su riƙe ruwa. Saurari hasashen damina a rediyo kafin ka yi shuka. Kada ka gina gida a kan hanyar ruwa. Tuntuɓi malamin gona na yankinku. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke kawo sauyin yanayi?
2. Rassa nawa ake bari a kan kututture?
3. Faɗi amfanin gawo guda biyu.
4. Rubuta sunayen itatuwan da ke gonarka.